Ibada da Hali: Darasi daga 'Yan Makarantar Oksfod

 Darasin da na ke so mu duba a wannan fitowa shi ne labarin waɗansu samari Kirista, 'yan makaranta kamarmu, waɗanda suka ƙudura niyyar ɗauko abin da su ke karantawa cikin Littafinsu Mai Tsarki su sa shi cikin zaman yau da kullum, watau cikin kwanciyarsu da tashinsu, da maganarsu, da kuɗinsu, da ma'amalarsu da mutane. Abin ya faru a ƙasar Ingila, a garin Oksfod inda babbar makarantar nan ta ke, tun daga shekarar 1729. Na zaɓi labarin ne domin tambayar da ke cikinsa ta shafi duk wanda za a danƙa wa amanar 'ya'yan mutane. Tambayar kuwa ita ce, ƙaƙa abin da mutum ya karanta, ya kuma yarda da shi, zai sauko daga kansa ya zama halinsa?

Asalin shugabansu

Shugaban samarin nan sunansa John Wesley. An haife shi a shekarar 1703 a wani ƙaramin gari wai shi Epworth. Ubansa, Samuel, shi ne limamin cocin garin, mutum ne mai ilmi amma kullum yana fama da bashi. Uwarsa, Susanna, ta haifi 'ya'ya 19, tara daga cikinsu suka rasu tun suna jarirai. Ita ce ta fara koya wa sauran karatu a gida, ta kuma keɓe wa ko wane ɗa lokacinsa a cikin mako, ta zauna da shi su biyu kaɗai, ta tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki. Rabon John ya faɗo daren Alhamis. Ku riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da irinsa nan gaba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

A shekarar 1709 gobara ta kama gidansu da dare. Kowa ya fita sai John, yana ɗan shekara biyar, wuta ta tare shi a bene. Wani mutum ya hau kafaɗar wani, aka zaro shi ta taga, jim kaɗan rufin ya rufta. Har ya tsufa bai manta da daren nan ba, yana ganin ba a banza aka bar shi da rai ba.

Ya shiga Oksfod a 1720. A 1725 ya fara aikin coci, a 1726 aka zaɓe shi cikin malaman kwalejin Lincoln. Cikin shekarun nan ya karanta littattafan waɗansu malaman Kirista na da, Thomas a Kempis da Jeremy Taylor, daga baya kuma William Law. Abin da ya fahimta daga gare su guda ne, watau ba a yi wa Allah ibada da rabin rai. Mutum ba shi da ikon ya ware sa'a guda ta addu'a ya ce wannan ta Allah ce, sauran sa'o'in kuwa nasa ne ya yi yadda ya ga dama.

Yadda ƙungiyar ta fara

Ƙanensa Charles, wanda aka haifa a 1707, shi ya fara tara abokai biyu ko uku a Oksfod don su riƙa karatu tare da zuwa coci a kan kari. Da John ya komo Oksfod a watan Nuwamba 1729, bayan ya yi kamar shekara biyu yana taimakon ubansa, sai suka sa shi gaba. Su huɗu ne da fari, John da Charles da William Morgan da Robert Kirkham. Da maraice su kan taru a ɗakin ɗayansu, su karanta Sabon Alkawari da harshen Girka, wanda a cikinsa aka fara rubuta shi, sa'an nan kowa ya faɗi yadda ya yi da yininsa, a shirya na gobe. Ko wane mako su kan karɓi Jibin Ubangiji, alhali yawancin 'yan makaranta sau kaɗan su ke yi a shekara. Daga 1732 suka ƙara da azumin Laraba da Jumma'a, ba su cin kome sai ƙarfe uku na yamma.

Sauran 'yan makaranta suka mai da su abin dariya. Waɗansu suka ce musu Ƙungiyar Tsarkaka, don ba'a. Waɗansu suka ce asun Littafi, wai suna cin Littafi Mai Tsarki kamar yadda asu ke cin tufa. Waɗansu kuma suka ce Metodis, watau masu yin kome bisa tsari. Sunan nan na ƙarshe shi ya bi su, har ya zama sunan babbar ɗariƙar Kirista da ke ƙasashe da yawa a yau.

To, bari mu duba wurare huɗu da suka gwada karatunsu a kai.

Na fari, lokaci

Cikin wasiƙar Bulus zuwa ga mutanen Afisa, sura ta 5, an gargaɗi masu bi kada su bar zarafi ya wuce su a banza. Wesley ya ɗauki wannan da gaske. Shi da kansa ya ba da labari cewa yana saurayi ya kan farka wajen tsakar dare ya yi ta juyi, barci ya ƙi zuwa. Sai ya yi tunani, watakila yana daɗewa a gado fiye da bukatar jikinsa ne. Ya nemo agogo mai ƙararrawa, ya sa ya tashe shi ƙarfe bakwai, amma da dare ya sake farkawa. Kashegari ya mai da shi ƙarfe shida, sa'an nan biyar, sa'an nan huɗu. Daga ranar da ya tashi ƙarfe huɗu farkawar dare ta bar shi. Ya zauna a kan tashin ƙarfe huɗu wajen shekara 60, ya kan fara yini da addu'a da karatu tun gari bai waye ba.

Ban da wannan yana da ɗan littafi da ya ke rubuta abin da ya yi ko wace rana, da wani irin rubutu na asiri wanda sai a ƙarni na 20 masana suka warware shi sarai. Daga 1734 har sa'a sa'a ya ke rubutawa, yana ba kansa maki daga 1 zuwa 9 bisa ga yadda hankalinsa ya kasance wajen Allah cikin sa'ar nan. Ƙungiyar kuma tana da jerin tambayoyi da ko wanensu zai yi wa kansa, a kan addu'arsa, da tawali'unsa, da yadda ya yi magana a kan waɗanda ba su nan.

Na biyu, harshe

Cikin wasiƙar Yakubu, sura ta 3, an kwatanta harshe da linzami a bakin doki, da ɗan katakon da matuƙi ke juya babban jirgi da shi, da kuma ɗan tartsatsin da ke cinye kurmi. Mu ma mun ce baki shi ke yanka wuya. Cikin Linjilar Matiyu kuma, sura ta 18, Almasihu ya shimfiɗa hanyar da za a bi in ɗan'uwa ya yi laifi. A fara zuwa wurinsa a asirce, daga kai sai shi. In bai ji ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. In ya ƙi, sa'an nan a kai maganar gaban jama'ar masu bi.

Wesley ya lura mutane sun juya tsarin nan, sun fara daga ƙarshe. Kowa a gari ya kan ji laifin mutum kafin mai laifin ya ji. A ganinsa faɗin aibin wanda ba ya nan giba ce, ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Saboda haka a 1752 shi da Charles da waɗansu masu wa'azinsu suka sa hannu a wata takarda, suka yi alkawari ba za su nemi jin mugun labarin junansu ba, in sun ji ba za su yi saurin gaskatawa ba, kuma ba za su faɗa wa kowa ba sai sun fara faɗa wa wanda abin ya shafa. Ku duba, manyan malamai ne, amma sun san halin baki, har suka ga sai sun ɗaure shi da rubutu.

Na uku, dukiya

Wata rana cikin tsananin sanyi a Oksfod wata yarinya matalauciya ta zo ɗakin Wesley, ba kome jikinta sai 'yar riga marar kauri. Ya sa hannu aljihu don ya ba ta abin sayen tufa, ya tarar saura kaɗan, gama bai daɗe da kashe kuɗinsa wajen ƙawata bangon ɗakinsa ba. Abin ya soke shi ƙwarai. Ya ga kamar ya rataye wa bango abin da zai kāre yarinyar nan daga sanyi. Ya tuna Linjila ta kira mai dukiya wakili, wanda Ubangijinsa zai tambaye shi lissafi.

Daga baya, cikin wani wa'azi, ya ba da labarin ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, masana kuwa sun ɗauka kansa ya ke nufi. Shekarar fari mutumin ya sami fam 30, ya ci 28, ya ba da 2. Shekara ta biyu ya sami fam 60, ya ci 28, ya ba da 32. Ta uku ya sami 90, ya ba da 62. Ta huɗu ya sami 120, ya ba da 92. Samu ya ninka huɗu, ci yana nan inda ya ke. Har gashin kansa ya bari ya yi tsawo, a zamanin da masu hali ke aske kai su sa gashin aro, don kuɗin ya tafi ga matalauta.

Koyarwarsa a kan kuɗi kashi uku ce. Mutum ya nema iyakar ƙoƙarinsa, muddin bai cuci jikinsa ko ransa ko maƙwabcinsa ba. Ya tsimi abin da ya samu, kada ya ɓatar a kan alfahari da kwaɗayi. Sa'an nan ya bayar iyakar iyawarsa. Ya kan ce wanda ya yi biyun fari ya bar na ukun, gara ma bai fara ba. A 1776 ma'aikatan haraji suka rubuto masa, suna zaton mutum mai suna kamarsa ba ya rasa kayan azurfa da bai biya musu haraji ba. Ya amsa cewa cokulan azurfa huɗu gare shi, biyu a Landan biyu a Biristol, ba kuwa zai ƙara ba muddin akwai masu rashin abinci kewaye da shi.

Na huɗu, waɗanda ba su da kowa

A ƙarshen sura ta 25 ta Linjilar Matiyu an ba da misalin ranar shari'a. An lissafta mayunwaci, da mai ƙishi, da baƙo, da marar tufa, da majinyaci, da ɗan kurkuku, aka nuna abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikinsu, Almasihu ya ɗauke shi kamar shi aka yi wa. William Morgan shi ya fara kai wannan karatu inda ya dace. Ya shiga kurkukun Oksfod ya ziyarci wani da aka yanke wa hukuncin kisa, ya dawo ya gaya wa abokansa halin da ɗaurarru ke ciki. A watan Agusta 1730 John da Charles suka bi shi. Kafin su mai da abin al'ada sai da John ya rubuta wa ubansa neman shawara. Tsohon ya sa musu albarka, ya ce amma su nemi izinin masu kula da wurin tukuna.

Daga nan suka riƙa zuwa sau ɗaya ko biyu a mako. A zamanin nan a kan ɗaure mutum a Ingila saboda bashi, ko da kaɗan ne. Suka tara kuɗi suna fansar waɗanda bashinsu bai yi yawa ba, suna saya wa waɗansu magani da littattafai, suna koya wa marasa karatu. Suka kuma buɗe 'yar makaranta ta 'ya'yan talakawa, suna biyan mai koyarwa, suna yi wa yaran tufafi. Hujjarsu ita ce abin da ke cikin wasiƙar Yakubu, sura ta 2, inda aka kwatanta imanin da ba aiki da gangar jikin da rai ya fita.

Inda tsari ya gaza

Wanda ya karanta zuwa nan zai ce, ai mutanen nan sun gama. Amma ba haka Wesley ya gani ba, nan ne kuwa darasin ya ke da nauyi.

Da fari dai tsananin ya yi wa waɗansu yawa. Morgan ya yi ciwo, hankalinsa ya taɓu, ya rasu a 1732, mutane suka yi ta cewa azumin Wesley ne ya kashe shi, har John ya rubuta wa uban yaron doguwar wasiƙa yana bayyana gaskiyar abin da su ke yi. Wani kuma, George Whitefield, ɗan mai masauki, wanda ke yi wa 'ya'yan masu kuɗi hidima a makaranta a madadin kuɗin karatunsa, ya matsa wa kansa da azumi a 1735 har ya kwanta makonni.

A shekarar nan ta 1735 uban su Wesley ya rasu, John da Charles suka shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya, sabuwar ƙasar da Ingilishi suka kafa a Amurka. Cikin jirgin akwai wata jama'a ta Kirista daga Jamus, ana ce musu Morabiyawa. Wesley ya lura su ke yin ayyukan ƙasƙanci da sauran fasinja ke ƙi, ba su karɓar lada, in an ture su ko an zage su ba su ramawa. A watan Janairu 1736 babban hadari ya taso a teku, iska ta kece babban zanen jirgin, ruwa ya kwararo ciki. Ingilishi suka ɗau kururuwa. Jamusawan nan kuwa suna tsakiyar waƙar ibada, suka ci gaba da abinsu, har mata da yara. Wesley, mai azumi biyu a mako, mai ba kansa maki ko wace sa'a, ya sami kansa yana tsoron mutuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

A Jojiya ma abin bai yi kyau ba. Ya tsananta wa mutanen garin Sabana da dokokin coci har suka gaji da shi. Ya so wata budurwa, ya yi ta jinkiri, ta auri wani. Bayan watanni ya hana ta Jibin Ubangiji a gaban jama'a. Shi ya ce doka ya bi, mutane suka ce kishi ne. Aka kai shi ƙara, ya bar ƙasar a watan Disamba 1737 ba a gama shari'ar ba. A hanyar komowa ya rubuta cewa ya tafi ya juyo da mutanen ƙasar zuwa ga Allah, ga shi shi kansa yana bukatar mai juyo da shi.

Me ya faru? Tsarin ya gyara masa yini, amma ya mai da idonsa kan kansa. Mai auna kansa ko wace sa'a, ɗayan biyu ne ya kan same shi. In ya ga ya ci, girman kai ya shige shi, ya raina waɗanda ba su kai shi ba. In ya ga ya fāɗi, tsoro ya kama shi. Linjilar Luka, sura ta 18, ta ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Ɗaya ya tsaya yana lissafa azuminsa da zakkarsa, ɗayan kuwa, mai karɓar haraji, ya sunkuyar da kai yana roƙon jinƙai, aka ce na biyun ne ya koma gida karɓaɓɓe. Wesley ya san misalin nan da Girkanci, amma sai a teku ya gane wane ne shi a ciki.

Daren 24 ga Mayu 1738

Da ya komo Landan ya yi ta zama da wani Bamorabiye mai suna Peter Böhler, wanda ya nuna masa daga wasiƙun Bulus cewa, bisa ga koyarwar Kirista, gafara kyauta ce da a ke karɓa ta wurin dogara ga Almasihu, ba lada ba ce da a ke biyan ma'aikaci. Ran 24 ga Mayu 1738 da dare ya tafi wani ɗan taro a titin Aldersgate, ba da son ransa ba. Wani yana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata, in ji shi, ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya tabbata an gafarta masa. Mu da mu ke ƙasar zafi mu kan ce zuciya ta yi sanyi, su da ke ƙasar sanyi sai su ce ta yi ɗumi, abin nufi ɗaya ne. Abin da ya fara yi nan take shi ne addu'a domin waɗanda suka ƙuntata masa.

Ku lura da kyau, bai yar da tsarinsa ba. Tashin ƙarfe huɗu yana nan, azumi yana nan, kyauta da ziyarar kurkuku suna nan. Dalilin yinsu ne ya sāke. Da ya tsufa ya bayyana bambancin da misalin bawa da ɗa. Bawa yana aiki don tsoron bulala da begen lada, ɗa kuwa yana yin aikin nan guda don gidan ubansa ne.

Aji na mutum goma sha biyu

A watan Afrilu 1739, bisa kiran Whitefield, ya fara wa'azi a fili kusa da Biristol, inda masu haƙar kwal da sauran talakawa da ba su zuwa coci ke taruwa dubbai. Da jama'a ta yi yawa sai tambayarmu ta fari ta dawo: ƙaƙa wa'azin da aka ji ran Lahadi zai zama hali ran Talata?

Amsar ta zo ta hanyar bashi. A 1742 ana shawarar yadda za a biya bashin ɗakin taronsu na Biristol, wani mai suna Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo a mako. Aka ce waɗansu ba su da shi. Ya ce a ba shi mutum 11 mafi talauci, zai bi su gida gida, wanda ya rasa shi zai biya masa. Aka raba jama'a goma sha biyu biyu, ko wane kashi da shugabansa. Masu bin gidaje suka fara dawowa da labari, wane yana shan giya, wane suna faɗa da matarsa, wance ba ta da lafiya ba mai duba ta. Wesley ya ce abin da ya daɗe yana nema ke nan. Aka mai da shi taron mako mako, a zauna, shugaba ya tambayi kowa yadda ransa ke ciki, a yi gargaɗi, a yi ta'aziyya, a taimaki mai bukata. Daren Alhamis na uwarsa ke nan ya komo, an raba wa dubban mutane.

A 1743 ya rubuta musu ƙa'idodi uku: barin cuta, aikata alheri, da lizimtar hanyoyin ibada, watau addu'a da karatun Littafi da azumi da taron masu bi. A shekarar nan ya bincika jama'arsu ta garin Newcastle ya fitar da mutum 64. Cikinsu 17 saboda maye, 4 saboda zagi da giba, 3 saboda faɗa, 3 saboda ƙarya, 1 saboda dukan matarsa, 1 saboda lalaci, 29 saboda sakaci da wasa da al'amarin, sauran saboda rantsuwar banza da sayar da barasa da keta ranar hutu. Duk lissafin nan na hali ne.

Shi kansa bai huta ba. A 1746 ya buɗe wurin ba da magani kyauta a Landan. A 1774 ya buga ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi. A watan Janairu 1785, yana da shekara 81, ya yi kwana biyar yana yawo a titunan Landan cikin ƙanƙara mai narkewa, yana roƙo, har ya tara fam 200 na tufafin matalauta. Wasiƙarsa ta ƙarshe, ran 24 ga Fabrairu 1791, ga William Wilberforce ya aika ta, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da bauta. Ya rasu ran 2 ga Maris 1791. A 1807 majalisar Ingila ta hana cinikin bayi. Mabiyansa sun iso Cape Coast a 1835, suka iso Badagiri a 1842.

Kada kuwa mu ɓoye aibinsa, gama darasin da ya ɓoye aibi rabin darasi ne. A 1751 ya auri wata gwauruwa, Mary Vazeille, auren bai yi daɗi ba. Ya ƙi rage tafiye-tafiyensa ko da kwana ɗaya saboda ita, ita kuma ta cika kishi, daga bisani suka rabu. Mutumin da ya san halin ɗaurarrun Oksfod bai iya zama da matarsa ba. Gida shi ne jarrabawa mafi wuya, domin a nan ne ba mai kallo.

Abin da za mu ɗauka

Ya 'yan'uwa, ko wanenmu ya san abin da aka koya masa na gaskiya da amana da tausayi tun yana ƙarami. Ƙarancin sani ba shi ne ciwonmu ba. Daga labarin nan na ga abu uku. Na ɗaya, koyarwar da ba a ba ta sa'a da wuri ba, ba ta zama hali. Samarin nan ba su tsaya ga cewa tausayi abu ne mai kyau ba, sun sa ranar zuwa kurkuku, sun yanke abin da za su ci a shekara. Na biyu, mutum ba ya ganin ƙeyarsa, yana bukatar aboki amintacce wanda zai tambaye shi, ya kuma faɗa masa gaskiya a asirce. Na uku, tsari ba tare da tawali'u ba ya kan haifi mai taurin zuciya, irin Wesley na Jojiya, wanda ya riƙe doka ya ɓata mutane.

Nan gaba kaɗan za a ba ko wanenmu aji. Yara ba za su tuna rabin abin da muka rubuta a allo ba, amma za su tuna ko malam ya kan zo kan lokaci, ko ya kan zagi wani malami a gabansu, ko ya kan bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, da kuma abin da fuskarsa ta yi ran da dakikin aji ya kasa amsa tambaya sau uku. Wanda ya ke so ya duba surorin da na ambata, an fassara Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa tun 1932.

Ga tambayoyi don mu tattauna:

1. Me ya sa Wesley ya ji tsoro cikin hadarin teku, alhali ya fi sauran fasinja yawan ibada?

2. Cikin wurare huɗun nan, lokaci da harshe da dukiya da kula da marasa kowa, wanne ya fi wuya ga ɗan makarantar kwana, don me?

3. In ka ji aibin abokin aikinka, waɗanne matakai za ka bi kafin maganar ta kai kunnen mutum na uku?

4. In albashinka ya ƙaru, me ya kamata ya ƙaru tare da shi?

Allah ya sa abin da muka karanta ya amfane mu, ya amfani yaran da za a ba mu. Haza wassalam.